Hukumar Gari da Motar Tarayya a Turai: Daga Amsterdam zuwa Bremen

Gabatarwa

Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ake gwada wani tsari na amfani da mota a wasu biranen Turai, inda mutane da yawa suke tarayya a 'yan motoci kaɗan. Mutum yakan shiga ƙungiya, ya yi rajista, sa'an nan duk lokacin da bukata ta taso masa ya nemi mota, ya tuƙa da kansa na sa'a ɗaya ko biyu ko yini guda, ya mayar da ita, a yi masa lissafin lokaci da nisan da ya yi. Wannan ba tasi ba ce, domin babu direba. Ba kuma hayar mota ba ce irin wadda aka saba, domin ba a zuwa ofis a cike takarda a kowace tafiya, kuma motar tana ajiye ne a cikin unguwa, kusa da ƙofar gida. Haka nan ba aro ba ne, tun da ana biya. A wannan maƙala za a kira ta motar tarayya, saboda kalmar tarayya ta fi kusa da ma'anar: abu ɗaya, masu haƙƙi a kansa da yawa.

Hujjar masu wannan tsari ba ta da wuyar fahimta. Motar da mutum ya mallaka shi kaɗai takan yi kimanin sa'a 23 a tsaye cikin kowace rana, kuma a tsofaffin birane yawanci a gefen titi take tsayawa, watau a kan filin jama'a. To, wannan fili ba na mai mota ba ne, ba kuma na ƙungiyar masu tarayya ba. Hukumar gari ce take da iko da shi. Daga nan ne hukuma ta shigo cikin labarin, kuma tarihin shekaru saba'in da suka wuce ya nuna cewa abin da ya fi tasiri a hannunta shi ne wannan 'yar tazara ta bakin titi, fiye da kuɗin baitulmalinta.

Gwaje-gwajen farko

Gwaji na farko da aka sani an yi shi ne a Zurich ta ƙasar Suwizalan a 1948, inda wasu 'yan ƙungiyar gama-kai ta gidaje suka kafa abin da suka kira Sefage. Dalilinsu talauci ne kawai: mota tana da tsada, ba kowa ke iya saye ba, sai suka haɗa ƙarfi. Babu ruwan hukuma da su, su ma ba su nemi kome a wurinta ba, kuma abin bai wuce da'irar 'yan ƙungiyar ba.

A 1971 aka sake gwadawa a Montpellier ta Faransa da wani tsari mai suna Procotip, wanda ke da motoci kimanin 35, ana biya ta hanyar jefa wasu ƙwandaloli na musamman cikin na'urar da ke motar. Bai wuce 1973 ba ya durƙushe. Gwajin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Amsterdam, domin a can ne aka fara kai maganar gaban majalisar gari ƙarara, aka kuma ga abin da sanyin jikin majalisa yake jawowa.

Farar mota ta Amsterdam

A tsakiyar shekarun 1960 wata ƙungiyar matasa masu bore da ake kira Provo ta ɓulla a Amsterdam, babban birnin Holan. Cikin abubuwan da suka dame su har da yadda motoci suka cika tsohon gari, wanda aka gina lungunansa da gadojinsa ɗaruruwan shekaru kafin a san mota. A 1965 suka fito da shirin farin keke: a shafa wa kekuna farin fenti, a bar su a titi ba kulle, kowa ya hau ya ajiye wa na baya. 'Yan sanda suka kwashe kekunan, bisa hujjar cewa barin keke ba kulle gayyatar ɓarayi ne. Wanda ya ƙirƙiro shirin shi ne Luud Schimmelpennink, mai zanen kayan masana'antu. A zaɓen 1966 Provo ta sami kujera ɗaya a majalisar gari, kuma a 1967 shi ne ya zauna a kanta. Ya gabatar da shirin kekunan a majalisa, aka ƙi. Ya koma ya kawo wani wanda ya fi shi girma, watau Witkar, ma'ana farar mota. Shi ma majalisa ba ta karɓa ba.

Da ya ga haka, sai ya bi ta hanyar jama'a. Aka kafa ƙungiyar gama-kai, aka ci bashi, aka ƙera motocin. Ranar 21 ga Maris 1974 aka buɗe tasha ta farko a dandalin Amstelveld. Lokacin ya yi daidai, domin 'yan watanni kafin nan ƙarancin man fetur na 1973 ya sa gwamnatin Holan ta hana tuƙa mota a ranakun Lahadi, ga kuma iyaye suna ta zanga-zanga saboda yawan yaran da motoci ke kashewa, a ƙasar da haɗarin hanya yake cin rayuka fiye da 3,000 a shekara a wancan zamani.

Ita Witkar ƙaramar mota ce mai aiki da batir, mai kujera biyu, doguwa zuwa sama, kewaye da gilashi, ba ta wuce gudun kilomita 30 a sa'a, kuma caji ɗaya yakan kai ta kimanin kilomita 15. Ɗan ƙungiya yana da mabuɗi na maganaɗisu. In ya zo tasha sai ya sa mabuɗin, ya zaɓi tashar da zai nufa, kwamfuta ta duba ko akwai gurbi a can, sa'an nan ta sakar masa mota. Ana lissafin kuɗin ne da minti. Wanda ya san halin da kwamfuta take ciki a 1974 zai gane cewa wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kusan duk abin da ake yi yau da wayar hannu, sun riga sun yi tunaninsa.

Amma burinsu tasha 150 ne da mota 1,000, abin da suka samu kuwa tasha biyar ne da mota 35, duk da cewa mutane fiye da 4,000 sun yi rajista. A nan matsalar take. Tsarin da ake ɗaukar mota a wata tasha a ajiye ta a wata ba ya aiki sai tashoshin sun yi yawa, har ya zama duk inda mutum ya nufa akwai ɗaya kusa. Da tasha biyar, sai motoci su taru a wadda kowa ke zuwa, wata kuma ta zama fayau. Kowace sabuwar tasha tana bukatar fili a bakin titi, da izinin gini, da jan wutar lantarki, kuma duk waɗannan a hannun hukuma suke. Hukumar ba ta hana ƙiri-ƙiri ba, amma ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Hankalinta a lokacin yana kan gina jirgin ƙarƙashin ƙasa, aikin da ya jawo rushe gidaje da tarzomar unguwar Nieuwmarkt a 1975, aka kuma buɗe layinsa na farko a 1977.

Ba daidai ba ne a ɗora wa majalisa laifin duka. Batiran wancan zamani ba su da ƙarfi, motocin suna yawan lalacewa, kuma a gari irin Amsterdam keke yakan riga motar da ke gudun kilomita 30 isa. Duk da haka, abin lura shi ne ba a taɓa ba tsarin damar kai girman da za a iya auna shi ba. Ya yi ta jan ƙafa har aka janye motocin a 1986. Shekara 25 bayan haka, a 2011, hukumar wannan gari ta ba kamfanin car2go izinin zuba ƙananan motocin lantarki 300 a titunanta, tare da takardar da ta ba su damar tsayawa a wuraren ajiye motoci na birnin.

Farfaɗowa a Suwizalan da Jamus

Tsarin da ake bi a yau ya samo asali ne daga 1987. A wannan shekara mutum takwas a ƙaramin garin Stans na Suwizalan suka kafa ƙungiyar ATG da mota ɗaya, wasu kuma a Zurich suka kafa ShareCom. Sun kauce wa abin da ya kayar da Witkar: motocinsu na yau da kullum ne masu shan mai, kuma inda aka ɗauki mota nan ake mayar da ita. Ana yin odar mota ta tarho, mabuɗi yana cikin wani akwatin ƙarfe a kusa, mai tuƙi ya rubuta nisan da ya yi a littafi. Amana ce take riƙe da tsarin. A 1997 ƙungiyoyin biyu suka haɗe suka zama Mobility, da mambobi kusan 17,000 da motoci 760, shekara guda bayan haka kuma suka ƙulla yarjejeniya da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, aka riƙa ajiye motoci a tashoshin jirgi.

A Jamus kuwa StattAuto ta fara a Berlin a 1988, sa'an nan abin ya bazu zuwa wasu garuruwa. Sai dai a can an ci karo da wani shinge na shari'a. Dokar zirga-zirga ta tarayyar Jamus tana ɗaukar gefen titi a matsayin abin da kowa ke da haƙƙi a kansa daidai wa daida, ba ta yarda a fifita wani ba, in ban da 'yan rukunoni kaɗan da ta ambata, kamar naƙasassu da tasi da mazauna unguwa. A lokacin motar tarayya ba ta cikin jerin. Saboda haka mutum ɗaya yana iya barin motarsa a bakin titi mako guda ba ta motsa ba, amma ba a iya keɓe gurbi ga motar da gidaje talatin ke amfani da ita. Ƙungiyoyin suka koma hayar gurabe a bayan gidaje da garejin ƙarƙashin ƙasa, inda mai wucewa ba ya ganinsu. Abin da ido bai gani ba kuwa, da wuya a yi sha'awarsa.

Bremen

Bremen tsohon birnin kasuwanci ne a bakin kogin Weser, a arewacin Jamus, mai mutane sama da rabin miliyan. Yana da wata daraja da yawancin birane ba su da ita: shi da Bremerhaven jiha ce mai zaman kanta a cikin tarayyar Jamus, watau hukumar gari da gwamnatin jiha kusan abu ɗaya ne, kuma tana da dokar hanyoyi tata. Tsofaffin unguwanninsa jerin gidaje ne manne da juna a kan siraran tituna, babu gareji, babu fili. Motoci sukan hau kan hanyar masu tafiya a ƙasa ta ɓangarorin biyu, har ta kai motar kashe gobara da ta kwasar shara ba sa iya shan kwana a wasu lunguna.

An kafa StadtAuto a Bremen a 1990 da 'yan motoci kaɗan, a matsayin aikin masu kishin muhalli. A 2000 ta haɗe da takwarorinta na Aachen da Kolon suka zama kamfanin cambio. Hukumar gari ba ta sayi mota ko ɗaya ba, ba ta kuma ɗauki nauyin biyan giɓin kamfanin ba. Abin da ta yi ya zo ne daki-daki, yawancinsa ta hannun wani jami'in ma'aikatar muhalli da sufuri, Michael Glotz-Richter, wanda ya shafe shekaru da dama yana bin wannan al'amari. A 1998 aka fito da katin da ya haɗa tikitin shekara na bas da taragon cikin gari da shiga ƙungiyar motar tarayya, domin a nuna wa mutane cewa motar cikon sufurin jama'a ce, ba kishiyarsa ba.

Babban matakin ya zo a 2003. Tun da dokar zirga-zirga ta tarayya ta toshe hanya, sai Bremen ta bi ta dokar hanyoyi ta jiha, wadda ta ba hukuma ikon ba da izinin amfani na musamman da wani yanki na titi, irin izinin da ake ba mai gidan shayi ya jera kujeru a waje ko mai kanti ya kafa rumfa. Da wannan dabara aka buɗe tashoshi biyu na farko a kan titin jama'a, aka sa musu suna mobil.punkt. Kowace tana da gurabe na motocin tarayya, da wurin ɗaure kekuna, da wani dogon ginshiƙi mai alama wanda ake hangowa daga nesa, kuma ana kafa su kusa da tashar bas ko tarago. Kamfani yana biyan kuɗin gurbin, kuma sai ya cika sharuɗɗa kafin a ba shi, cikinsu har da ƙa'idojin tambarin muhalli na Jamus da ake kira Blauer Engel, da kuma nuna cewa aikinsa yana rage yawan motoci a unguwa.

A 2009 birnin ya amince da wani shiri na musamman a kan motar tarayya, wanda ya sa wa kansa buri a rubuce: masu amfani 20,000 kafin ƙarshen 2020, da raguwar motocin ƙashin kai 6,000 daga titi. A lokacin masu amfani ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi ba. Shekara guda bayan haka Bremen ta nuna tsarin a bikin baje kolin duniya na Shanghai a ƙasar Sin. Daga 2013 aka fara kafa ƙananan tashoshi masu mota biyu ko uku a can cikin lunguna, waɗanda aka kira mobil.pünktchen. A nan hukuma ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin takan kafa su ne a bakin kwana, ta faɗaɗa hanyar masu ƙafa, ta kafa turaku, yadda ba wanda zai sake toshe wa motar kashe gobara hanya. A wannan shekarar ce kuma aka gyara dokar gine-gine, aka ba mai gina sabbin gidaje zaɓi: maimakon ya gina dukan guraben motoci da doka ta wajabta, yana iya sa kuɗin a tikitin bas ko rajistar motar tarayya ga mazauna gidan.

Lissafin da ya shawo kan 'yan majalisa ba na muhalli ba ne kaɗai, na kuɗi ne. Gina gurbin mota ɗaya a garejin ƙarƙashin ƙasa yakan ci dubban Yuro masu yawa. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa kowace motar tarayya a Bremen ta maye gurbin motocin ƙashin kai 16, waɗanda masu su suka sayar ko suka fasa saye. Ya kamata a karɓi irin wannan adadi da hattara, domin ya dogara ne a kan abin da mutane suka faɗa da bakinsu, kuma wanda ya ce da zai sayi mota ba lalle ne ya saya ba. Amma ko an raba shi biyu, ribar hukuma a fili take: ta ba da gurbi ɗaya, ta sami takwas.

Edinburgh da Faris

Akwai wasu hanyoyi biyu da hukumomi suka bi, kuma kowace ta bar darasi. A watan Maris na 1999 majalisar birnin Edinburgh ta Sikotlan ta buɗe ƙungiyar motar tarayya, wadda ita ce ta farko mai girma a Birtaniya. Majalisa ta keɓe gurabe a titi, aka zuba kuɗin gwamnati, aka danƙa gudanarwa ga kamfanin hayar motoci na Budget. Cikin shekara biyu kamfanin ya janye, a 2001, saboda na'urorin sun ba da wahala kuma masu shiga ba su kai yadda aka zata ba. Kafin shekarar ta ƙare wani ƙaramin kamfani mai suna Smart Moves ya farfaɗo da aikin. Abin da ya taimaka wajen tsayar da shi da ƙafafunsa shi ne majalisa ta zama mai ciniki: ma'aikatanta suka riƙa amfani da motocin wajen aikin ofis da rana, lokacin da mazauna unguwa ba su cika bukatarsu ba, su kuma su same su da yamma da ƙarshen mako. Ta haka mota ɗaya take samun ciniki dare da rana, majalisa kuma ta rage motocin da take saye.

A Faris an yi abin da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. A watan Disamba na 2011, zamanin magajin gari Bertrand Delanoë, aka ƙaddamar da Autolib', wanda a zahiri mafarkin Schimmelpennink ne aka cika: motocin lantarki, ɗauka a nan ajiye a can, tashoshi sama da 1,000, motoci kusan 4,000. Birnin da garuruwan da ke kewaye da shi suka kafa hukumar haɗin gwiwa, suka ba kamfanin Bolloré kwangila ta shekara 12, suka ba da fili, suka kuma sa kuɗi a ginin tashoshi. Sai dai a cikin kwangilar akwai sharaɗin cewa kamfani zai ɗauki asara har zuwa Yuro miliyan 60, abin da ya haura haka kuma ya koma kan garuruwan. Mutane sun shiga da yawa, amma kuɗin da ke shigowa bai biya ɗawainiya ba. Motoci suka yi datti, sabbin tasi da ake kira ta wayar hannu suka janye masu ciniki, ga kuma tsohuwar cutar Witkar ta tashar da ta cika da wadda ta bushe, wadda sai an biya ma'aikata su yi ta kai motoci suna dawowa da su. A 2018 kamfanin ya nemi garuruwan su biya Yuro miliyan 233. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Hukumar haɗin gwiwar ta zaɓi ta soke kwangilar a watan Yuni, aikin ya tsaya ranar 31 ga Yuli, rigimar kuɗin kuma ta koma kotu ta yi shekaru a can.

Dokar 2017

Dabarar da Bremen ta bi a 2003 ta daɗe tana tsaye a kan ƙafa ɗaya, domin lauyoyin wasu birane suna shakkar ingancinta, yawancin hukumomi kuma suka ƙi kwaikwayo don tsoron ƙara. Bremen ta yi ta matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta majalisar jihohi a kan a gyara doka. Sai a ranar 1 ga Satumba 2017 dokar motar tarayya ta Jamus ta fara aiki, shekara 14 bayan buɗe mobil.punkt na farko. Dokar ta bayyana abin da ake nufi da motar tarayya, ta buɗe hanyar keɓe mata gurabe da sassauta mata kuɗin tsayawa, ta kuma tsara yadda za a zaɓi kamfanin da za a ba tasha ba tare da son kai ba. Amma wannan tsari na ba da tasha ya shafi hanyoyin tarayya ne kawai da suka ratsa garuruwa. Sauran tituna sai kowace jiha ta yi tata dokar, abin da jihohi suka yi ɗaya bayan ɗaya a shekarun da suka biyo baya. Haka kuma dokar ba ta tilasta wa kowace hukuma ta keɓe ko gurbi ɗaya ba, izini kawai ta ba ta. Ita kuwa Bremen ta kai adadin masu amfani 20,000 da ta sa wa kanta a 2021, 'yan watanni bayan wa'adin, a tsakiyar annobar korona.